Baƙin mai sintetik a Hilux, ya ci kuɗinsa?

Malam, kana tambaya ko baƙin mai sintetik, wato wanda ake haɗawa da sinadarai na musamman, ya ci kuɗinsa a a-kori-kura irin Hilux ɗinka. E, ya ci, in dai tana ɗaukar lodi sosai, don ya fi jure zafin inji, ba ya saurin tsinkewa ko ya tara dagwalo, ga kuma zafin Katsina a watan Afrilu ba sai na gaya maka ba.

Amma fa kar ka ce ka zuba mai tsada sai ka manta da juye, ni hanyar Daura zuwa Kongolam nake bi da buhunan hatsi, lokacin hunturu ƙura kan sa in yi juye da wuri in canja filta. Ka duba lambar kaurin man da littafin motar ya ce, 5W-30 ko 15W-40, kuma ka saya wurin dila amintacce don jabu ya yi yawa a kasuwa.