Inji ne zai yi wa Baba tiyatar huhu, ko likita?

Tambaya: Likita, an gano ciwon daji a huhun mahaifinmu na dama, yanzu haka yana asibiti a Indiya. Sun ce da mutum-mutumi za a cire ɓangaren da ya kamu. Hankalinmu bai kwanta ba. Inji ne zai yanka shi? In ya lalace ana tsakiyar aiki fa?

Amsa: Allah Ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Sunan ne ke razana mutane. Na'urar ba ta motsi sai likita ya motsa ta. Wadda aka fi aiki da ita, mai suna "da Vinci", ta samu izini a Amurka tun 2000, kuma a 2002 likitoci a birnin Pisa na Italiya suka ba da rahoton tiyatar huhu da ita.

Huhun dama sashe uku ne, na hagu biyu, kuma yawanci sashe ɗaya ake cirewa. Bayan an sa Baba barci, za a kwantar da shi a kan gefensa na hagu, a zura masa bututu mai hanya biyu ta maƙogwaro, huhun hagu ya ci gaba da numfashi, na dama ya sace kamar balan-balan. Sai a yi huda huɗu ko biyar tsakanin haƙarƙari, yawanci milimita 8, a shigar da kyamara da hannayen na'urar. Likitan yana zaune a ɗakin, fuskarsa cikin madubin da ke girmama komai har ninki goma, yatsunsa na juya kayan aikin. Mataimakinsa kuwa yana tsaye a jikin majinyacin.

Aikin gaske yana gindin huhu. Nan jijiyar da ke kawo jini daga zuciya, da wadda ke mayar da shi, da bututun iska suke manne da juna. Ɗaya bayan ɗaya ake tone kowacce, a zagaye ta, a datse da wani abu mai kama da sitefula: yana dasa layukan ƙananan ƙarafa a ɓangare biyu, ya yanka tsakani. Ana kuma kwashe kaluluwar da ke kewaye don a auna ko ciwon ya bazu, kuma a ganina nan na'urar ta fi burgewa, don wuyan hannunta na lanƙwasa a lungun da miƙaƙƙen ƙarfe ba ya kaiwa. Daga ƙarshe a sa sashen cikin jaka, a ɗan faɗaɗa huda ɗaya a zaro shi, a bar bututun da zai fitar da ruwa da iska na 'yan kwanaki.

Rauninta shi ne, a yawancin injinan da ke asibitoci, likita ba ya jin taushi ko taurin abin da ya kama, da ido yake aunawa. Jijiyar huhu kuwa fatarta siririya ce. In ta yage, ko injin ya tsaya, sai a janye hannayen a buɗe ƙirji yadda aka saba. Wannan ba gazawa ba ce, da shirinsa ake shiga. Cire huhu ɗaya ɗungurungum, wanda wani likitan Amurka, Evarts Graham, ya yi nasararsa a 1933 ta hanyar buɗe ƙirji, shi ma ana yin sa da na'urar, amma ba sosai ba.

Ki tambayi likitan sau nawa ya yi wannan aikin da hannunsa. Sannan in Baba ya taɓa yin tarin fuka, ko da shekara talatin ne, a faɗa masa tun yanzu. Tsohon tarin kan manne huhu da bangon ƙirji, ya mai da kaluluwa kamar tsakuwa a jikin jijiya, kuma wannan kaɗai na iya sa likita ya zaɓi buɗe ƙirjin tun daga farko.