Barin yaro ya tafi Islamiyya shi kaɗai

Malama, kin tambaya ko barin ɗanki mai shekara 9 ya tafi Islamiyya shi kaɗai zai zama sakaci a idon doka. A fahimtata, Dokar Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003 da Dokar Kare Yara da aka sa wa hannu a Kano a 2023 sun fi karkata ne ga cutarwa, wato yaron da aka bari ba ci, ba magani, ba karatu, ko aka jefa shi cikin haɗari. Yaron da ya san hanya, yake bin lungun unguwarku inda mai shago da maƙwabta suka san shi da suna, koyon tsayawa da ƙafarsa yake yi, kuma ku iyayensa ne kuka fi kowa sanin hankalinsa. Jihar Utah a Amurka ma ta gyara dokarta a 2018 domin fayyace cewa barin yaro mai hankali ya tafi makaranta shi kaɗai ba sakaci ba ne.

Abin da ke ci mini rai shi ne yarinya 'yar shekara 7 ɗauke da tiren gyaɗa, tana ratsa motoci a titin Gidan Zoo bayan magariba. Idan hanyar ɗanki tana tsallaka babban titi, ki haɗa shi da yayansa.