Tambaya da Amsa: Idan Haɗiya Ta Gagari Mara Lafiya

Wasiƙun da suka shigo wannan watan yawancinsu a kan abu ɗaya suke, wato mara lafiyar da ruwa ko abinci ke sarƙewa. Masu aikin gyaran magana da haɗiya ne suka amsa.

Assalamu alaikum. Ni nas ce a ɗakin maza. Ana yawan kawo mana masu shanyewar ɓarin jiki, kuma ba mu da mai gyaran magana. Kafin mu ankara 'yan'uwa sun ɗura wa mutum ruwa ko kunu, bayan kwana biyu ko uku sai zazzaɓi da tari. Yaya zan gane wanda zai iya ci ta baki? — Wata nas, jihar Gombe

Wa alaikumus salam, Sista. Zazzaɓin nan da kike gani sau da yawa ciwon huhu ne, wanda ruwa ko abinci ko yawu mai datti ya jawo bayan ya bi hanyar numfashi. An fi samunsa a ƙasan huhun dama, domin bututun iskar wannan ɓangaren ya fi faɗi, ya kuma fi miƙewa. Kusan rabin waɗanda suka samu shanyewar ɓarin jiki suna da matsalar haɗiya a kwanakin farko. Saboda haka kada a ba sabon mara lafiya komai ta baki, har ƙwayar magani, sai an gwada shi.

Ki fara da dubawa kafin ki ɗauko ruwa. Zai iya zama a farke na minti 15? Zai iya zama a miƙe, ko da an tokare shi da matashi? Ki ce ya yi tari, ki ji ko tarin yana da ƙarfi. Ki ce ya haɗiye yawunsa, ki kuma ce ya ja "aaa". In barci na fizgarsa, ko yawu na dalala, ko muryar ta fito a jiƙe tana gurgur, gwaji ya ƙare a nan. A sanar da likita, a sa masa ruwa ta jijiya, a sake dubawa gobe.

In ya tsallake wannan, ki wanke masa baki, sannan ki ba shi ruwa mai tsabta ƙaramin cokali ɗaya, mililita 5, sau uku. Ki ɗora yatsunki a hankali a kan maƙogwaronsa. Ya kamata ki ji ƙashin maƙoshi ya yi sama ya dawo cikin kamar daƙiƙa ɗaya. Bayan kowane cokali ki sa shi ya yi magana. In duk ukun sun wuce lafiya, ki ba shi mililita 90 a kofi ya shanye a jere ba tsayawa. Tari, sauyin murya, numfashi sama-sama, ko kasa shanyewa, kowanne ɗaya ya isa a dakata.

Akwai abubuwa biyu da ake dogaro da su a ɗakunan jinya waɗanda ba su cancanci a dogara da su ba. Na farko taɓa can cikin baki da sanda a ga ko zai yi yunƙurin amai. Mutane da yawa masu ƙoshin lafiya ba sa yin wannan yunƙurin, wasu kuma suna yinsa amma abinci na shiga huhunsu. Na biyu na'urar auna iskar jini da ake maƙalawa a yatsa. Tana da amfaninta, amma ba ta nuna ko an haɗiye daidai. Sannan ki sani rashin tari ba shaidar lafiya ba ce. In ciwon ya taɓa jijiyoyin da ke sa maƙogwaro ya ji taɓi, ruwa zai gangara huhu shiru, 'yan'uwa na murna wai Baba ya shanye kofi guda. Shi ya sa ko wanda ya ci gwajin a ci gaba da auna zafin jikinsa da numfashinsa, a kuma saurari ƙirjinsa.

Game da 'yan'uwa, tsawa ba ta hana su. Sun ga leɓen mahaifinsu ya bushe, tausayi ne ke sa su ɗurar. Ki ba su aikin yi: su jiƙa ƙyalle mai tsabta su riƙa goge masa leɓe da harshe, su wanke masa baki da buroshi safe da dare. Ki kuma gaya musu cewa da yawa haɗiyarsu tana dawowa cikin makonni kaɗan.

Mahaifiyata ta samu shanyewar ɓarin dama wata biyu da suka wuce. Da za a sallame mu an ce mu riƙa ba ta abu mai kauri. Muna ba ta kunun gyaɗa da fura, amma wani lokaci tana ƙwarewa, wani lokaci kuma lafiya lau. Wane irin kauri ake nufi? — Wata mai karatu, Jekadafari

Allah ya ba Mama lafiya, ya saka miki da alheri, 'yar'uwa. "Mai kauri" ba ma'auni ba ne. Abin da ke kika kira mai kauri, ƙanwarki za ta ce ruwa-ruwa ne, shi ya sa kike ganin yau lafiya gobe ƙwarewa. Akwai tsarin duniya da ake kira IDDSI wanda ya raba abin sha da abinci mataki takwas, daga 0 zuwa 7, kuma ana iya auna shi a ɗakin girki.

Ki sayi sirinji mai mililita 10 a kemis. Tsawonsa daga layin sifiri zuwa layin 10 ya kamata ya zama milimita 61.5, don haka ki gwada da rula, saboda ba duka kamfanoni ke yin su daidai ba. Ki cire allurar da sandar turawa. Ki toshe bakin da yatsa, ki zuba kunun har layin 10, ki saki yatsa na daƙiƙa 10 cif, ki sake toshewa, sai ki karanta abin da ya rage. Ƙasa da mililita 1 shi ne mataki na 0, kamar ruwa da shayi. Daga 1 zuwa 4 mataki na 1, daga 4 zuwa 8 mataki na 2, fiye da 8 kuma mataki na 3. Abin da ya ƙi ɗiga gaba ɗaya, wanda ke zama a kan cokali amma ya sulmiyo gaba ɗaya in an karkata shi, wannan mataki na 4 ne. Ki koma wurin waɗanda suka duba Mama su faɗa miki lambar da ta dace da ita, kada ki zaɓa da kanki. Kauri fiye da kima ma yana da illa, domin yana maƙalewa a maƙogwaro ya faɗa huhu daga baya.

Ga inda kunu ke yaudarar masu jinya. Yana ƙara kauri in ya huce, saboda haka a auna shi a daidai ɗumin da za a sha. Kuma yawu yana tsinka shi. In cokali yana zuwa baki yana komawa kwano, kafin a kai rabi kunun da aka fara da kauri ya koma ruwa. Ki riƙa ɗibar kaɗan a ƙaramin kwano, in ya tsinke ki zubar ki ɗebo sabo da cokali mai tsabta.

Babban abin da muke zargi a wasiƙarki shi ne haɗuwar ruwa da gudaji a loma ɗaya. Kunun gyaɗa yakan zo da ƙwayoyin shinkafa, fura kuma in ba a dama ta sosai ba tana da gudaji. Harshen da ya yi rauni ba ya iya riƙe ruwan yayin da ake tauna ƙwayar, sai ruwan ya riga haɗiya gangarawa. Ki niƙa, ki tace da rariya. Haka nan garin kwaki da aka jiƙa, kankana, lemon zaƙi, da burodin da aka tsoma a shayi. Dambu, ƙuliƙuli, gyaɗa da kilishi a jingine su tukuna, saboda suna warwatsewa a baki. Tuwo mai danƙo yana liƙewa a ganda. In an ba ta izinin abinci mai laushi, a yi tuwon ruwa-ruwa, a kwaɓa shi da miyar kuka har ya zama abu ɗaya. Alale mai laushi, dankalin Hausa da kabewa da aka dafa aka murje duk suna da kyau. Tunda ba ta cin da yawa, ki ƙara ƙarfin abincin da madara, niƙaƙƙiyar gyaɗa, dafaffen ƙwai da aka murje, ko cokalin mai.

Zamanta ma yana da muhimmanci. Ta zauna a miƙe, ke kuma ki zauna daidai da ita ko ƙasa kaɗan, don kada ta ɗaga kai sama tana kallonki. Kada a ba ta da bakin buta, kada a tsiyaya mata da sirinji. Ƙaramin cokali, a sa ta gefen hagu mai lafiya, a jira ta haɗiye kafin na gaba, kuma ba a yi mata hira tana da loma a baki. In an gama ki duba kuncinta na dama da tocila, nan abinci ke ɓuya. Ki wanke bakin, ta zauna minti 30 kafin ta kwanta.

Ki kula da ruwan jikinta, musamman a zafin Maris da Afrilu na Gombe. Masu shan abu mai kauri sukan rage sha saboda ba ya kashe musu ƙishi. Fitsarin da ya yi ja ko ya ragu alama ce ta a koma asibiti.

Kakanmu ya fara kasa haɗiye nama, yanzu har tuwo yana tsaya masa a ƙirji, ya kuma rame. Wasu sun ce beli ne, a kai shi wurin wanzami. — Wani mai karatu, Bajoga

Malam, kada a kai shi. Beli ba ya tsayar da abinci a ƙirji, yanke shi kuwa na iya jawo zubar jini da ƙwayoyin cuta. Dattijon da haɗiyarsa ke ƙara tsananta daga abu mai tauri zuwa mai laushi, tare da rama, yana bukatar a leƙa bututun abincinsa da kyamara cikin gaggawa, domin ƙari ko ƙunci a wannan bututun yana farawa haka. Ku nemi takardar tura shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe a wannan makon.

Na karanci gyaran magana, yawancin aikina da yara ne masu in'ina da jinkirin magana. Yanzu likitoci na turo mini manya masu matsalar haɗiya, kuma abin da aka koya mana a kai kaɗan ne. Me ya kamata in fara nema a ƙarin ilimi? — Wani mai gyaran magana, Gombe

Abokin aiki, MRTB, wato hukumar Najeriya da ke yi wa masu irin aikinmu rajista, tana neman makin ƙarin ilimi kafin sabunta lasisi, to ka karkatar da makinka nan. Amma ka zaɓi bitar da ake taɓa mara lafiya a ƙarƙashin mai kulawa. Lacca ta intanet tana ba da sani, ba ta koyar da hannu.

Ka fara da tsarin jiki: matakan haɗiya daga baki zuwa maƙogwaro zuwa bututun abinci, da jijiyoyin kai na 5, 7, 9, 10 da 12, yadda ake gwada kowacce a bakin gado. Sai tsarin IDDSI, wanda takardunsa kyauta ne a shafinsu. Ka haddace girman gutsuren abinci: a mataki na 5, wato abincin da aka daddatsa ƙanana mai danshi, faɗin milimita 4 ga babba da 2 ga yaro, a mataki na 6 kuma, wato abinci mai laushi da aka yanka gutsi-gutsi, milimita 15 ga babba da 8 ga yaro. Ka zauna da masu girkin asibiti ku auna koko da kunu da fate, ku rubuta matakin kowanne.

Daga nan ka nemi ganin haɗiya da idonka. Hanyoyi biyu ne: hoton bidiyo na eksire da ake haɗiye farin ruwan bariyam, da kuma siririyar kyamara ta hanci, hanyar da Susan Langmore da abokan aikinta suka bayyana a 1988. Ta biyun ta fi kusa da mu, saboda likitocin kunne da hanci da maƙogwaro sun saba aiki da irin wannan kyamarar. Akwai wannan sashen a asibitin koyarwa na Gombe da kuma na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a Bauchi. Ka nemi su yarda ka riƙa halartar asibitinsu.

Dalilin nacewa a kan gani shi ne dabarun da muke koyarwa ba sa yi wa kowa aiki. Sunkuyar da haɓa yana taimakon wanda haɗiyarsa ke jinkirin farawa, amma ga wanda abinci ke taruwa a aljihunan ƙasan maƙogwaro yana iya tura shi hanyar iska. Juya kai ana yinsa ne zuwa ɓangaren da ya shanye, don loma ta bi ta mai ƙarfi. Atisayen Shaker, wato kwanciya rigingine a ɗaga kai a kalli yatsun ƙafa ba tare da ɗaga kafaɗa ba, ana riƙewa daƙiƙa 60 sau uku da hutun daƙiƙa 60 a tsakani, sannan ɗagawa da saukewa sau 30, sau uku a rana har mako shida. Yana taimaka wa buɗewar ƙofar bututun abinci, amma ba a ba mai ciwon wuya ko mai bututun numfashi a wuya. Atisayen riƙe harshe tsakanin haƙora ana haɗiya kuwa da yawu kawai ake yinsa, ba a taɓa yinsa da abinci.

An sa wa mijina robar ciyarwa ta hanci. Zan iya daka magungunansa in zuba a ciki? — Wata mai karatu, Billiri

Wasu ana dakawa, wasu ba a dakawa, Hajiya. Maganin da aka yi shi don ya riƙa narkewa a hankali, kamar wasu nau'o'in nifedipine na hawan jini, in aka daka shi ƙarfinsa na yini guda zai shiga jini lokaci ɗaya, jini ya faɗi. Haka masu rufin da ke kare su daga ruwan ciki. Ki kai duka kwalayen wurin mai harhaɗa magani ya ware miki, ya kuma nemi na ruwa inda akwai. Waɗanda aka amince a daka, kowanne a narka shi daban, kada a haɗa da kunu, a bi robar da ruwa mililita 30 kafin magani da bayansa don kada ta toshe.

Kafin kowace ciyarwa ki duba alamar da aka yi wa robar a bakin hanci. In ta zame, ko ya yi amai ko tari mai tsanani, kada ki zuba komai sai nas ta tabbatar tana ciki, ta hanyar zuƙo ruwan ciki a gwada da takardar auna tsami, ta nuna 5.5 ko ƙasa. Hura iska a saurara da abin sauraren ƙirji ba ya tabbatar da komai. Ki ɗaga kansa da ƙirjinsa da matasai yayin ciyarwa da kamar awa ɗaya bayanta, ki kuma ci gaba da wanke masa baki sau biyu a rana ko da ba ya cin komai ta nan, domin yawunsa yana bin maƙogwaro dare da rana. In mako huɗu zuwa shida suka wuce haɗiya ba ta dawo ba, ku tattauna da likita a kan robar da ake sawa kai tsaye ta fatar ciki.