Tsohuwar kwamfutar Baba ta rikice, mai gyara ya ce sai fomat

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, dan Allah a taimaka min. Akwai wata tsohuwar kwamfuta ta tebur ta mahaifinmu Allah ya jiƙansa, Pentium ce mai Windows 98, ta daɗe a ajiye sai kwanan nan na kunna ta saboda rubuce-rubucensa da hotuna da ke ciki. Ta tashi lafiya lau, ina cikin dubawa aka ɗauke wuta, da wutar ta dawo sai na ga sunayen wasu folda sun koma alamomi marasa kan gado, wasu ma ba sa buɗuwa, kuma duk sanda na kunna sai ScanDisk, manhajar Windows mai duba diski, ya fito wai zai gyara. Mai gyara ya ce fomat kawai za a yi. In yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya jiƙan Baba ya sa ya huta. Kar ka yarda da fomat ɗin nan, kuma shi ma ScanDisk in ya fito ka danna Exit, ka kashe ta ka zare filogi tukuna, don a irin wannan hali duk abin da aka rubuta a kan diskin zai iya hawa kan abin da kake nema.

Ka ga Windows 98 da tsarin FAT take ajiye fayil, ko FAT16 wanda ba ya wuce 2GB a kowane ɓangare, ko FAT32 da ya fito a 1996. Ka ɗauke shi kamar sito da littafin da aka rubuta inda kowane buhu yake, to in wuta ta ɗauke ana cikin rubutu a littafin, littafin ne ya ɓaci amma buhunan suna nan inda suke. Kuma FAT kwafi biyu yake ajiyewa na wannan littafi, wato jadawalin fayil, sau da yawa ɗaya ya lalace ɗayan na nan garau. Shi ScanDisk aikinsa ya daidaita tsarin don kwamfuta ta ci gaba da aiki, ba ruwansa da wane fayil ne ya fi maka daraja, zai iya guntule fayil ko ya tattara abin da bai gane ba ya sa musu suna FILE0000.CHK, shi ya sa nake hana mutane shi a farko.

Akwai ma abin da yawancin masu gyara ba sa dubawa, wani lokacin diskin lafiyarsa ƙalau, kebul ɗin IDE ne mai faɗin nan mai fil 40 ya saki ko ya tsufa, ko ƙaramin batirin madabod CR2032 ya mutu BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta, ta manta girman diskin tana karanta shi a karkace, to in ka bar ScanDisk ya yi gyara a haka wallahi lafiyayyen diski zai ɓata maka.

Abin yi shi ne a fara ɗaukar hoton diskin gaba ɗaya, wato a kwafe duk abin da ke cikinsa zuwa fayil guda. Ka ciro shi, ka samu adafta ta IDE zuwa USB mai zuwa da wutarta daban, ka haɗa a wata kwamfuta da ka tayar da Linux, ko Ubuntu, wani nau'in Linux, daga filas ma ya isa. In a Windows ka haɗa ta tambaye ka ko ta yi fomat, ka ce a'a. A Ubuntu ka sa gddrescue, wato manhajar ddrescue mai kwafe diski, sannan ka rubuta sudo ddrescue /dev/sdb baba.img baba.map, amma ka tabbatar sdb ɗin shi ne tsohon diskin, don sunan yana canzawa daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Abin da ya sa na fi son ddrescue, yana fara kwashe wuraren da ke karantuwa kafin ya koma kan masu wahala, kuma ko wuta ta sake ɗaukewa fayil ɗin baba.map zai sa ya ci gaba daga inda ya tsaya. Sai dai fa ka kasa kunne, in kana jin diskin yana ƙas ƙas ko yana juyi yana tsayawa, wannan ciwon ƙarfe ne, ka kashe ka kai wa masu ciro bayanai na gaske, kar ka buɗe murfinsa, kar ka sa shi a firij kamar yadda wasu ke cewa.

In hoton ya kammala ka yi masa kwafi na biyu, a kan kwafin za ka yi duk gwaje-gwajenka. Ka buɗe shi da TestDisk, manhaja ce kyauta ta Christophe Grenier ɗan Faransa, ka shiga Advanced ka danna Boot sannan List, yawanci nan za ka ga foldar Baba da sunayensu sai ka kwashe su zuwa wani wuri. In bai nuna ba, a nan ɗin dai akwai inda zai dawo maka da sashen but, wato farkon ɓangaren diskin mai bayanin tsarinsa, daga ajiyar da FAT32 ke yi a sekta ta 6, da inda zai gwada jadawalin nan biyu. In duk sun ƙi sai PhotoRec, tare suke zuwa da TestDisk, shi ba ya bi ta kan jadawali sam, yana bin diskin ne yana gane hoto ko takardar Word daga farkonsu, sai dai sunaye za su ɓace kuma fayil ɗin da ya warwatsu a diskin zai iya fitowa rabi. Bayan komai ya fito ka ajiye a wuri biyu, sannan in kana son kwamfutar ta ci gaba da aiki ka sa mata katin CF, wani katin memori, da adaftarsa a madadin diskin, ka haɗa ta da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta.

Tambaya daga wata 'yar'uwa: Malam ni kuma na riga na bar ScanDisk ya gama, yanzu fayil masu .CHK ne cike a diskin C. In goge su?

Amsa: A'a 'yar'uwa, bayananki ne a ciki. Ki kwafe su zuwa wata kwamfuta ki buɗe da Notepad, wanda kika ga JFIF a farkonsa hoto ne ki mayar da ƙarshen sunan .jpg, wanda ya fara da PK kuma .zip ne. Na rubutu zalla za ki iya karanta shi a nan take ki kwafe abin da kike so.