Yana barazanar watsa hotunana: in na kai ƙara na tona wa kaina asiri ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Lokacin da aka rufe Kano saboda korona a watan Afrilun 2020, muna zaune a gida babu makaranta, na saba da wani a Facebook, muka koma WhatsApp. Ya ce da an buɗe gari zai turo magabatansa. Na yi wauta na tura masa hotunan da ba su dace ba. Yanzu ya ce ko in ƙaro wasu, ko in tura masa dubu hamsin, ko ya zuba su a zauren 'yan ajinmu. Na tambayi wata malama a kaikaice, ta ce haramun ne mutum ya tona abin da Allah Ya rufa masa. Wallahi wani lokacin ji nake gara in mutu.

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yata, zan fara da maganarki ta ƙarshe, don ita ta fi tayar min da hankali. Ranki ya fi waɗannan hotuna daraja nesa ba kusa ba. Abin da kika yi zunubi ne da tuba ke shafewa, kuma ga alama kin riga kin yi nadama. Duk sanda tunanin nan ya zo, kada ki kaɗaice a ɗaki, ki fito cikin mutane.

Tura hotunan haramun ne, babu saɓani, ba sai na tsawaita ba.

Inda hukunci ya juya shi ne barazanar. Da ya goge hotunan ya kama gabansa, da ni ma na ce ki binne maganar tsakaninki da Ubangijinki. Malamar nan ta dogara ne da hadisin Bukhari da Muslim cewa ana yafe wa al'umma duka ban da masu bayyana saɓo, amma ta ajiye shi ba a gurbinsa ba. Hadisin yana magana ne a kan wanda ya kwana Allah Ya suturta shi, gari ya waye ya hau ba da labarin abin da ya aikata. Ke kuwa wani ne ya riƙe bakin mayafin yana ja. Allah Ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba Ya son bayyana mummunar magana, sai daga wanda aka zalunta. Imam Nawawi ya kawo wurare shida da ambaton aibin mutum ya halatta, kuma na farkonsu shi ne kai kukan zalunci ga mai ikon hanawa. To wane asiri shirunki zai rufa? Nasa kaɗai. Ni ina ganin wannan fatawa ta "yi shiru" ita ce jarin irin waɗannan mutane, domin da wuya a ce ke kaɗai ya yi wa haka a zaman kullen korona na 2020.

Kada ki ƙara masa hoto ko ɗaya da sunan an tilasta ki. Uzurin tilas yana aiki ne inda bin umarnin zai kawar da cutar, nan kuwa ƙara masa makami za ki yi. Kuɗin ma kada ki tura. Wanda ya karɓa yau zai dawo gobe.

Ki adana saƙonninsa da lambarsa da lambar asusun da ya turo kafin ki toshe shi. Ki zaɓi mutum ɗaya mai riƙon amana, mahaifiyarki ko gwaggo ko yaya, ki faɗa mata gwargwadon buƙata, ba sai kin zayyana komai ba. Ku kai wa Hisbah ko 'yan sanda, ki nemi mace ta saurare ki. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta irin wannan barazana a Najeriya.

Iyaye kuma, 'yar da ta zo muku da wannan magana ceto ta zo nema, ku ajiye bulala tukuna. Wanda hoton ya faɗo wayarsa ya tura gaba, ya karanta aya ta 19 a Suratun Nur ya ga inda ya sa kansa.

Idan mai neman aure na gaskiya ya zo, ba wajibi ba ne ki ba shi wannan labari.

Wallahu a'alam.