Amsa: Gwajin Flux da ke ci wani lokaci, ya faɗi wani lokaci

Malam, ka ce gwajinka na Flux (kwararar bayanai da ke isowa ɗaya bayan ɗaya) a Reactor, laburaren Java, yana ci yau, gobe ya faɗi, kuma kana sa Thread.sleep (umarnin da ke sa gwajin ya ɗan yi barci) kafin ka duba sakamako. To, barcin nan shi ne matsalar. Daƙiƙa biyu kan ishe shi a kwamfutarka, amma a sabar da aiki ya yi wa yawa bayanan ba su gama isowa ba.

Koma StepVerifier, kayan gwajin Flux na Reactor. Ka jera abin da kake tsammani da expectNext, bi da bi yadda za su fito, ka rufe da verifyComplete. Kula sosai a nan: in ba ka kira verify ko irinsa kamar verifyComplete ba, ba a taɓa buɗe kwararar ba, gwajin zai ci alhali bai duba komai ba. Kuma verify ba shi da iyakar lokaci sai ka sa masa; tunda verifyComplete ba ya karɓar lokaci, yi expectComplete sannan ka ba verify daƙiƙa 5, kada ya rataye har abada.

In akwai jinkiri a ciki, yi amfani da withVirtualTime (agogon kwaikwayo) tare da thenAwait (mai tura agogon gaba), amma ka gina Flux ɗin a cikin lambda ɗin, wato ɗan aikin da kake miƙa wa withVirtualTime, in ba haka ba agogon gaske zai bi. Bayan flatMap kuwa, wanda ke haɗa sakamako yadda suka iso, kada ka dogara da jeri. Tattara su ka kwatanta ba tare da la'akari da tsari ba.