Tsohuwar Marsandi mai giya otomatik: a gyara ko a sayo wata?

Tambayoyin wannan karon duk a kan tsofaffin Marsandi suke, irin waɗanda aka ƙera daga 1976 zuwa farkon shekarun 1990, waɗanda har yanzu ake gani jefi-jefi a titunan Kumasi.

Salamu alaikum. Ina da Marsandi 300D ƙirar 1982, ta mahaifinmu ce. Tana canza giya da duka, kamar an buge ta ta baya. Wani lokacin kuma in na kashe makulli injin ba ya mutuwa sai na buɗe bonet. Fita, wato makanikinmu, ya ce giyabos ya gama aiki, in je Magazin, kasuwar kayan mota ta Suame, in sayo na hom-yus, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje. In saya? Daga Aboabo.

Wa alaikumus salam. Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Alamun nan biyu da ka faɗa galibi tushensu ɗaya, kuma ba cikin giyabos yake ba. Iskar zuƙa ce, wadda makanikai ke kira bakum, take yoyo.

Injin dizal ba ya samar da wannan iska da kansa yadda na fetur ke yi, shi ya sa aka ɗora masa famfo a gaban inji. Famfon nan ɗaya shi ke ba birki ƙarfi, shi ke kulle ƙofofi, shi ke kashe inji in ka murɗa makulli, kuma shi ke gaya wa giya yadda za ta shiga, da taushi ko da ƙarfi. A jikin giyabos akwai wani ɗan ƙoƙo da ake kira moduleta. Idan bakum ya iso masa da yawa, canji ya yi laushi. Idan ya ragu, sai giya ta ɗauka ka take totur har ƙasa, ta shiga da duka. To in wata roba ta tsage a cikin ƙofa ko ƙarƙashin bonet, iska ta gudu, giya za ta yi duka, inji kuma ya ƙi mutuwa.

Ka nemi masta mai famfon hannu na gwada bakum, mai agogo a jiki. Ya fara auna babban layin da ke zuwa birki: famfo mai lafiya yana ba da kusan 0.7 bar. Daga nan ya toshe siraran tiyo masu ruwan ɗorawa, su ne na ƙofofi, ku zagaya da motar. In dukan ya ragu, an gano ɓarawon. Tiyo mai ruwan ƙasa shi ne na kashe inji. Robobin da ke haɗa tiyo da tiyo sun haura shekara 40, a canza su duka, ba su da tsada. Sai ya zuƙi moduleta ita kanta: dole ta riƙe iska, allurar agogo ta tsaya cik. In ta sauka, ko aka ga jan mai cikin tiyon, fatar ciki ta yage. Moduleta kala-kala ce, kowace kala da giyarta, don haka ka tafi kasuwa da tsohuwar a hannu. Akwai ɗan makulli a ƙarƙashin murfinta da ake murɗawa don daidaita matsin mai, amma wannan aikin mai agogon auna matsi ne. Yawancin giyar da ta ƙone bayan "gyara", wani ne ya sassauta makullin nan da ka, don mai mota ya ji laushi, faifan kuloci suka yi ta sulɓi har suka cinye.

A duba robar furofela ta gaba da ta baya, da robar da giyabos ke zaune a kai. In sun tsattsage, ko giya lafiya lau take sai ka ji gum a ƙarƙashin kujera.

Wane mai zan zuba wa giyar, lita nawa? Mai shago ya ce duk jan mai ɗaya ne. Daga Asawase.

Ba ɗaya ba ne. Dexron II ko Dexron III za ka nema, a rubuce jikin galan, galan kuma a rufe da hatiminsa. Man CVT na ƙananan motocin zamani ba nata ba ne, haka man giya mai kauri lamba 90. Ka sayi lita 7, za ta sha wajen 6 in an juye har na cikin konbata, wato tulun man da ke tsakanin inji da giya, domin konbatar waɗannan motoci tana da nata notin juyewa: ana juya inji da hannu har ya bayyana ta tagar ƙasa. Wanda ya juye na kwano kawai ya bar kusan rabin tsohon mai a ciki.

Kafin ka sayi filta da gaskit, ƙirga notin kwanon. Huɗu, giyar samfurin 722.1 ce; shida, 722.3 ko 722.4, kuma kayansu ba sa shiga juna. Ana auna mai mota na tsaye a wuri mai daidai, inji na sulo, giya a P, bayan ta yi tafiya ta ɗauki zafi. Tsakanin layin ƙasa da na sama a geji bai kai rabin lita ba, saboda haka a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan. In ya yi yawa kumfa yake yi. Canji duk kilomita 60,000. Abin da ke kwance a gindin kwanon ya fi bakin kowane fita gaskiya: siririn baƙin gari ba komai, amma ɓarɓashin ƙarfe ko ƙaurin ƙuna na nufin sai an sauke. In man ya yi kauri ya koma fari-fari, lagireto ce ta fashe ta ciki, ruwa ya shiga giya. A canza lagireton kafin a taɓa komai, in ba haka ba sabuwar giyar ma haka za ta bi.

Motar maigidana 280SE ce ta 1984. Rana ɗaya ta daina tafiya gaba, amma ribas na shiga sumul. An ce mu sayi wani giyabos, wasu kuma sun ce a mayar da ita manuwal. Wanne ya fi? Daga Tafo.

Hajiya, wannan ciwo sananne ne a giyar 722.3. Akwai wani fistin da ake kira B2, shi ke matse bel ɗin da ke riƙe giyar farko, ta biyu da ta uku. Na farkon ƙira yakan maƙale ko ya karye, sai gaba ta ɗauke, ribas ya rage. Murfinsa yana gefen giyabos, kuma sau da yawa ana canza shi ba tare da an sauke giyar ba, sai dai a sassauto bayanta ƙasa kaɗan. A sayi sabon samfurin tare da zobensa na roba mai tauri da sil. Da a ce akasin haka ne, wato gaba lafiya, ribas na jinkiri ko sai an ba ta wuta, to faifan ribas ne suka cinye, wannan kam sai an sauke.

Ko da an buɗe an tarar bel ɗin ya karye, mu dai gyaran taku muka fi so a kan sayen wadda ba a san tarihinta ba. Giyar hom-yus ta irin wannan mota ita ma ta tsufa, ta kuma daɗe a ajiye, robobinta sun bushe. Amma in Alhaji ya zaɓi saye, a Suame ko a Abossey Okai ta Accra, ga abin da zai tsaya a kai. Cikakkiyar lambar da aka buga a jikin giyar, sama da bakin kwano ta gefen dama, ta yi daidai da ta tsohuwar, har lambobi ukun da ke bayan 722. Giyar dizal da ta fetur suna kama a ido, amma lokacin canjinsu daban. A buɗe kwano a gabansa kafin ya biya. A haɗa masa da konbatarta. A sa sabon sil na gaba da na baya tun tana ƙasa, domin sil ɗin gaba ƙaramin kuɗi ne, amma in ya yi yoyo daga baya sai an sake sauke komai. A wanke tiyon da ke zuwa lagireto. Wajen ɗorawa, konbata ta zauna har ƙarshe cikin famfon giya kafin a ɗaure noti. In aka ja ta da ƙarfin noti, famfon ya fashe tun mota ba ta motsa ba. Sannan a rubuta a rasit kwana nawa mai kaya ya yarda a dawo masa da ita.

Mayar da ita manuwal kuwa ya fi yadda ake faɗa: fedoji, fulawil, kuloci, furofela mai wani tsawon, wayoyi, ga darajar motar ta faɗi. Wani abu kuma: da yawa daga cikin waɗannan motoci da giya ta biyu suke tashi in ba a take totur sosai ba. Haka aka ƙera su, kada wani ya karɓi kuɗinku da sunan giyar farko ta mutu.

240D ɗina tana wahalar tashi da safe, musamman da hunturu, tana hayaƙi, tana shan baƙin mai. In sauke injin a yi masa aiki, ko in sa na Toyota? Daga Sabon Zango.

Ɗan'uwa, kafin a kwance noti ɗaya na top, wato kan inji, a saita bawul. Injin nan ba ya saita kansa, ana yi masa ne duk kilomita 20,000, inji a sanyaye: na shiga 0.10 milimita, na fita 0.30. In an daɗe ba a yi ba sai su matse, su ƙi rufewa sosai, matsi ya gudu, mota ta ƙi tashi. Injuna da yawa an sauke su a banza saboda wannan. Bayan saiti ka yi tafiyar 'yan kwanaki, sannan a auna matsin kowace silinda da agogon dizal, inji da zafi. Sama da 20 bar lafiya ne, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 3.

A gwada hita-fulogi, masu ɗumama inji kafin ya tashi, ɗaya bayan ɗaya. Na tsohon samfuri a jere aka haɗa su, ɗaya ya mutu duka sun mutu. Launin hayaƙin ma magana yake: baƙi, filtar iska ta toshe da ƙurar hunturu ko nozul na zubar da mai, shuɗi, baƙin mai ke ƙonewa, fari da safe mai warin dizal, man ne bai ƙone ba. Ka sassauta murfin zuba baƙin mai inji na sulo. In yana ɗan rawa a wurinsa, da sauran rai. In iska na cilla shi, ringi sun tafi. Dubi agogon mai a dashbod: da ka taɓa totur ya kamata allura ta haye 3, a sulo da zafi kuma kada ta sauka ƙasa da 0.3. Yawancin "shan mai" ma yoyo ne, ta gaskit ɗin murfin bawul, sil na gaba, da tiyon sanyaya mai.

In awo ya nuna injin ya gaji da gaske, a gyara naka. Silindarsa na da hannun riga da ake cirewa a sa sabo. Kada a sayi fistin, ringi ko metal sai mai injin gogewa ya auna bulok da karanshaf ya ba da girman da za a saya. A sa sabuwar sarkar taimin da tenshina da robobin da take bi, a kai nozul a gwada su a benci. Injin Toyota ba ya haɗuwa da giyar Marsandi sai da ƙira da walda, kuma ba shi da bawul ɗin da ke aika mata bakum daidai da totur, sai ka wayi gari kana neman giya ita ma. In kuma wani injin 240D ka samu, a tayar da shi a ƙasa a gabanka tun yana sanyi, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambarsa don gyara takardu a DVLA. Injin da aka yi wa aiki ana zuba masa 15W-40 na dizal, a juye shi da filta bayan kilomita 1,000 na farko, kuma a sake duba bawul a ranar.